Darasin Sana'a: Tsohon Injin Jirgin Ruwa Da Matsalar Mutuwa A Sulo

Daga Wakilinmu Na Fannin Tattalin Arziki, Yola

Duk wanda ya yi sammako ya gangara bakin kogi daga unguwar Limawa a Jimeta ba zai rasa ganin wannan abu ba: jirgi ya cika da fasinja da buhuna, matuƙi ya ja igiyar inji ya tashi, ya sassauta totur domin ya sa giya, sai inji ya yi tari sau biyu ya mutu. A sake ja, a sake mutuwa. Kafin a yi ta uku, 'yan kasuwar da ke sauri sun fara kallon jirgin maƙwabci. Darasinmu na wannan mako a kan wannan matsala yake, kuma mun shirya shi ne musamman domin masu jarin da suka sayi jirgi suka damƙa wa yara, da 'yan kasuwar da hajarsu ke bin ruwa, ba domin kanikawa ba, waɗanda sun riga mu sanin yawancin abin da za a faɗa.

Sanin kowa ne cewa Kogin Binuwai shi ne ya raya Jimeta. Tun zamanin kamfanin Royal Niger, jiragen ruwa kan hauro daga Lakwaja idan ruwa ya cika, su sauke gishiri da tufafi, su kwashi gyaɗa da auduga, wasu har su zarce Garwa a ƙasar Kamaru. Waɗannan manyan jirage sun zama tarihi, amma sufurin ruwa bai mutu ba. Ƙananan jiragen katako masu inji a baya su ne ke ɗauko yashi da itace da kifi da amfanin gonar fadama, su kuma sada ƙauyukan Fufore da Girei da Demsa da Numan da kasuwannin Jimeta a lokacin da hanyoyin ƙasa suka yanke. Yawancin injinan da ke wannan aiki tsofaffi ne, irin waɗanda ake cakuɗa musu fetur da man inji a tanki ɗaya, kuma samfurin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40 shi ya fi yawa a kogunan Afirka ta Yamma, sai Suzuki da Tohatsu da Mariner. Wanda ke riƙe da tsohon Evinrude kuwa ya san cewa kamfanin ya daina ƙera shi tun 2020, don haka kayan gyaransa sai an tona.

Me ya sa wannan ya zama batun kasuwanci? Har zuwa watan Mayu na 2023 ana sayar da litar fetur ƙasa da Naira 200 a farashin gwamnati. Da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana janye tallafi ranar 29 ga wannan wata, sai lita ta haura Naira 500 a nan arewa, kuma kafin ƙarshen 2024 ta kai Naira 1,000 da 'yan kai. Sakin darajar Naira da aka yi a watan Yuni na 2023 shi ma ya ɗaga kuɗin kowane noti da ake shigowa da shi daga waje. A da, mai jirgi kan iya yin biris da injin da ke ɓarnar mai. Yanzu ba shi da wannan sararin. Bari mu yi lissafi na misali kawai: mu ɗauka jirgi yana cin lita 50 a yini, kuma saboda lalacewar kafireto da fulogi kashi 10 cikin 100 na tafiya a banza. Lita 5 ke nan a yini, lita 130 a kwanakin aiki 26. Idan aka yi wa lita kuɗi Naira 1,000, hasarar ta kai N130,000 a wata, ba a ma sa kuɗin fiton da ya koma aljihun maƙwabci ba. Irin wannan hasara ba ta fitowa a littafin ciniki, shi ya sa ta fi illa.

Akwai kuma wadda ta fi ta. Matuƙin da injinsa ba ya tsayawa a sulo, wato tafiyar inji a hankali ba tare da an murɗa totur ba, yakan koyi wata mummunar dabara: ya ɗaga totur sama, sa'an nan ya banka giya da ƙarfi kafin inji ya mutu. Kowace irin wannan banka tana cin haƙoran giyar da ke ƙasa kusa da farfela. Ciwon da za a magance da kuɗin fulogi biyu sai ya koma na sauya kayan cikin giya ɗungum. Mai jarin da ya ji jirginsa yana yin "ƙas" mai ƙarfi duk lokacin tashi, to ya san kuɗinsa ne ake tauna.

A fara da tambaya, ba da sufana ba

Inji abu uku yake bukata: mai da iska a ma'aunin da ya dace, wuta a kan lokaci, da matsi a cikin silinda. Idan yana gudu sosai, ƙarfin juyawarsa kan rufe ƙananan aibobi. A sulo ne asiri ke tonuwa, domin man da ke shiga ɗan kaɗan ne, wutar da magineto ke bayarwa ta ragu, kuma ɗan yoyon iska da bai kai komai ba sai ya rinjayi ma'auni. Saboda haka kafin a kwance ko da noti ɗaya, a tambayi matuƙi yaushe injin ke mutuwa. Da an saki totur? Da an sa giya? Bayan an yi tafiyar minti goma? Ko kuwa sai ya yi zafi, kuma ya ƙi tashi sai ya huce? Kowace amsa wuri dabam take nunawa, kuma bakaniken da bai yi wannan tambaya ba ya fara kwance kafireto, a yi hattara da shi.

Ƙa'idar da mai ilmin tattalin arziki zai ba da a nan ita ce a fara da binciken da ba ya cin ko kwabo, a bar mai tsada zuwa ƙarshe.

Tanki da tiyo

A saman murfin tanki akwai ɗan noti da ake sassautawa domin iska ta shiga yayin da mai ke fita. Idan an manta shi a ɗaure, ko laka ta toshe shi, inji zai tashi lafiya, ya yi 'yar tafiya, sa'an nan ya shaƙe ya mutu. Alamarsa ita ce ƙwallon robar da ke tsakiyar tiyo, wanda ake matsawa don a tura mai, sai a gan shi ya lotse. Abin kunya ne a faɗa, amma an sha biyan kuɗin gyara a kan wannan.

Wannan ƙwallo shi ne likitan farko. A matsa shi har ya yi tauri. Idan ya ƙi yin tauri, to ko iska na shiga ta wani tsagi a tiyo ko ta bakin mahaɗi, ko kuma allurar da ke tsayar da mai a cikin kafireto ba ta rufewa, a nan kuwa za a ga mai yana ɗiga. Idan inji ya fara shirin mutuwa aka matsa ƙwallon sai ya farfaɗo, to laifin yana tsakanin tanki da kafireto: ko fatar robar famfon mai ta tsage, ko iska ce ke shiga. Zafin Yola, wanda kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu, yana busar da tiyo ya tsattsage, musamman wanda ake bari a rana. Tiyon ruwa na roba mai haske da wasu ke sawa don araha ba ya jure fetur. Yakan sandare, bakinsa ya saki, iska ta samu hanya.

Shi kansa man

A nan ya kamata mu daɗe, domin a ganina rabin ciwon injinan Binuwai daga jarka yake fitowa. Mai jirgi ba kasafai yake shan mai kai tsaye daga gidan mai ba. Ana ɗauko shi a jarka, wani lokaci daga hannun 'yan bumburutu, a ajiye a ƙasan jirgi inda ruwa ke kwanciya. Ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a gindin tanki, daidai inda bakin tiyo ke zuƙa. Ɗigo kaɗan ya isa ya toshe ƙaramar ƙofar sulo, alhali a babban gudu inji kan haɗiye shi ya wuce da ɗan tari kawai.

Gwajin ba shi da wuya. A tsiyayi ɗan mai daga gindin tanki a cikin kwalba mai haske, a ajiye minti biyar. Idan akwai ruwa za a ga ya ware a ƙasa. A buɗe ɗan kofin tace mai da ke jikin inji a duba shi ma. Masu karatu za su tuna abin da ya faru a watan Fabrairu na 2022, lokacin da hukuma da kanta ta amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin metanol fiye da kima, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja. Irin wannan sinadari yana jan ruwa, yana kuma cin robobin da ke cikin tsohon inji. Idan har man da ya biyo ta tashar jiragen ruwa da takardunsa zai iya zuwa a gurɓace, ina ga wanda aka saya a bakin hanya da dare? Mazurari mai rariya da kwalba ɗaya sun fi kowace alƙawarin mai sayarwa.

Sai batun cakuɗa. Yawancin waɗannan injina ma'auninsu kashi 50 na fetur ne ga kashi 1 na man inji, wato mililita 20 a kowace lita, ko rabin lita a jarka mai lita 25. Sabon inji ko wanda aka sake wa fistin da zobba akan ninka masa man na ɗan lokaci, kashi 25 ga 1. A duba littafin inji ko rubutun da ke jikin murfinsa, domin akwai masu ma'auni dabam. Abin da ake gani a bakin kogi kuwa awon ido ne, kuma akasari a kan ƙara da tunanin cewa yawan mai shi ne gata. Sakamakonsa hayaƙi da toshewar fulogi da mutuwa a sulo. Wanda ya rage kuma don tsimi, shi fistin ɗinsa ne zai kama. Mafi muni shi ne zuba baƙin man mota. Ba a yi shi don a ƙona shi ba; yana barin toka da gawayi a kan fistin, zobba su manne. Man da aka yi wa injin ruwa yana ɗauke da alamar TC-W3 a jikin galan. Ya fi tsada, gaskiya ne, amma rabin lita ce kawai a jarka guda, kuma bambancin kuɗinsa bai kai na zobba ba.

Wani abin da ya keɓanta da Binuwai shi ne yanayin aikin. Daga Agusta zuwa Oktoba ruwa na cike, aiki ba dare ba rana, balle a shekarun da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, wadda aka kammala a 1982, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2012 da ta 2022. Da rani kuwa kogi ya janye, tsibiran yashi su fito, injina da yawa su koma ɗaki su yi watanni. Fetur ɗin da aka bari a cikin kafireto yakan bushe ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro. Shi ya sa farkon damina ne kanikawan inji ke cin kasuwa. Maganinsa kyauta ne: ranar da za a ajiye inji, a cire tiyo a bar shi yana aiki a cikin ruwa har man ciki ya ƙare, ko a kwance notin gindin kafireto a tsiyaye.

Fulogi da wuta

A kwance fulogi a karanta shi. Mai launin ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya. Baƙi mai danshi, mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Fari fat kamar alli, mai ya yi kaɗan ko inji na zafi, kuma wannan ya fi haɗari. Wanda ya fito tas kamar an wanke, da ɗigon ruwa a jikinsa, ruwa ne ke shiga silinda, wato gaskit ya ƙone. A injin silinda biyu, a jera fulogan a kwatanta. Idan sun bambanta, an san ɓangaren da ke ciwo. Injin da silinda ɗaya ta daina aiki yana iya gudu a sama, amma da an sa masa giya a sulo zai faɗi.

A sa lambar fulogin da kamfani ya rubuta, ba wanda aka cire daga babur ko janareto ba. A irin NGK, misali B7HS da B7HS-10, wannan 10 na ƙarshe tana nufin tazarar bakinsa kusan milimita ɗaya ce, kuma ba a musanya su da ka. Jabun fulogi ya cika kasuwa, araharsa ita ce alamarsa ta farko. Wuta mai lafiya shuɗiya ce mai ƙara. Ja-ja mai rauni tana nuna kwayil ko waya. Injin da ke mutuwa idan ya yi zafi, ya ƙi tashi sai ya huce, sau da yawa kwayil ne ko akwatin wutar ya fara gajiya. Kada kuma a manta da makunnin kashewa mai igiya: idan ruwa ya shige shi ko wayarsa ta goge tana taɓa jiki, zai riƙa ɗauke wuta jefi-jefi.

Kafireto

Sai an wuce duk waɗannan ake zuwa nan. Akwai gwaji guda mai amfani: inji yana sulo yana neman mutuwa, a ɗan ja cok kaɗan. Idan ya gyaru, mai ne ba ya isa, wato jet ɗin sulo ya toshe ko iska na shiga ta gefe. Idan ya ƙara shaƙewa, mai ne ya yi yawa, sai a duba fulot da allurarsa.

Jet ɗin sulo ƙofarsa ba ta fi tsinin allura ba. A kwance shi, a jiƙa, a hura masa iska, a ɗaga shi a rana har a ga haske ta ciki. Kada a yarda a zura masa allurar ɗinki ko wayar ƙarfe. Tagulla ce mai laushi, kuma da ƙofar ta ƙaru ko da ƙanƙani, injin ya zama macijin mai har abada. Na taɓa tsayawa a kan wani bakanike yana wannan aika-aika da wayar birki, mai jirgi na gefe yana yi masa sannu da aiki.

Notin daidaita mai da iska shi ne abin da kowane yaron jirgi ke son murɗawa. Kafin a taɓa shi, a mayar da shi ciki a hankali ana ƙirga juyi har ya zauna, ba tare da an matse ba, a rubuta adadin. A yawancin waɗannan injina yana tsakanin juyi ɗaya da biyu, amma littafi ne alƙali. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a daidaita sulo bayan inji ya ɗumama, kuma yana cikin ruwa a jikin jirginsa. Dalili kuwa, hayaƙin injin jirgi ta ƙarƙashin ruwa yake fita, ruwan yana danne shi. Injin da aka gyara a kan benci ko a rabin duro zai yi daɗin ji a shago, ya zo kogi ya mutu da an sa giya. Mai jirgi ya sa wannan cikin sharaɗin ciniki: ba a cika kuɗin gyara sai an gwada a ruwa, da giya, da kaya.

Wannan danniyar ruwa ita ce kuma ke bayyana abin da ke ɗaure wa masu ɗaukar yashi kai, wato inji lafiya lau idan jirgi ba kaya, amma da an yi lodi sai ya ƙi sulo. Bayan jirgi ne ya nutse, ƙofar numfashin hayaƙi da ke sama ta shiga ruwa. Ba kafireto za a taɓa ba, kaya za a matsar gaba, ko a rage. Haka nan idan inji na mutuwa daidai lokacin sa giya, a ɗaga shi a duba farfela. Tsumman raga da igiyar kamun kifi kan naɗe a bayanta, su riƙe ta, su kuma yanke robar da ke hana ruwa shiga man giya.

Zafi da matsi

Ruwan Binuwai yashi gare shi, kuma da shi inji ke sanyaya kansa. Yashin yana cinye fukafukan robar famfon ruwa. A sulo famfon na juyawa a hankali, don haka a nan ne gajiyayyen famfo ke kasawa. Ɗan ruwan nan da ke tsartuwa daga bayan inji, idan ya ragu ko ya tsaya, a kashe inji nan take. Sauya wannan roba sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya cika, yana cikin mafi arahar inshorar da mai jirgi zai saya. Akwai kuma al'adar cire ma'aunin zafi da ke kan silinda a jefar, wai don kada inji ya yi zafi. Injin da bai kai zafinsa na aiki ba ba ya ƙona mai sosai, yana ɓata fulogi, sulonsa kuma ba ya zama.

Idan duk an bi waɗannan ba a dace ba, sai a nemi bakanike mai agogon awon matsi. Abin dubawa shi ne kada silindojin su bambanta da fiye da kashi 10 cikin 100. Idan sun bambanta sosai, ko duka sun yi ƙasa da abin da littafi ya ce, zobba ko fistin ko gaskit ne. Idan matsi na da kyau amma sulo na hawa da sauka, inji na yin atishawa ta bakin kafireto, to a tuhumi robobin da ke rufe bakin kurankishaf, ko siraran harsunan ƙarfe da ke bayan kafireto. Wannan aiki ne na buɗe inji, kuma a nan ne ya kamata mai jari ya zauna da alƙalami, ya haɗa kuɗin kaya da na aiki da na kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure, ya gwada da farashin wani injin. A yi babban gyara da rani, lokacin da kwanan jirgi a tudu ba shi da tsada, ba a watan Satumba ba.

Batun rai kuwa ba ya shiga lissafin Naira. Injin da ya mutu a tsakiyar kogi lokacin cikar ruwa, sama da ginshiƙan gadar Jimeta, bai bar wa matuƙi lokacin kwance fulogi ba. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lakwaja, ta daɗe tana nanata sa rigar kariya da hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. A kan wannan, jirgin da injinsa ya tsufa kada ya bar gaɓa ba filafili biyu, da anka mai isasshiyar igiya, da fulogi biyu sababbi da sufanarsu a cikin leda.

Ga mai shirin sayen inji na hannu kuwa, kada ya yarda a tayar masa da shi kafin ya iso. Ya taɓa kan silinda ya tabbatar da sanyi yake, domin gajiyayyen inji da ɗuminsa yakan tashi da ja ɗaya. A auna matsi a gabansa, a kwance notin man giya ya gani ko ya koma fari kamar madara, alamar ruwa ya shiga. Daga nan a ɗaura shi a jirgi, a bar shi a sulo minti biyar, a sa giyar gaba, a sa ta baya, hannun mai sayarwa ba ya kan totur.